Katuna Goma Sha Ɗaya a Gwangwanin Biskit

Grimsby, 6 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Roslyn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mu nan da sauƙi. Kawunki Des gwiwarsa ta sake kumbura, likita ya hana shi hawa tsani, jiya kuma na gan shi a saman rumfa yana gyara wa tantabarunsa ɗaki. Gwaggonki Pauline lafiyarta ƙalau, bakinta ma haka. Ni tarin nan ya tafi. Yatsuna ne dai in an yi sanyi suke ƙin lanƙwasawa, ladan shekara talatin da huɗu da na yi ina feɗe kifi cikin ƙanƙara.

Na san kina duba takardar nan kina tunanin wa ya rubuta mini. Ba kowa. Ni ce. Wata goma sha huɗu ke nan ina zuwa laburare duk Talata ina koyon karatu. Mu tara ne a ajin, duk tsofaffi, malamarmu Bridie ko kusa ba ta kai shekarunki ba. Ban faɗa miki a waya ba don so nake ki gani da idonki. Kuma a waya kafin in gama gaishe ki kin ce ana jiranki.

Kin ga rubutun ya yi kama da naki? Da gangan ne. Bridie ta ce kowa ya nemi rubutun da yake so ya riƙa kwaikwaya. Ni kuwa ina da katunan da kike aiko mini duk ranar haihuwata, guda goma sha ɗaya, a gwangwanin biskit. A da Pauline ke karanta mini su. Yanzu ni nake karantawa, kuma kowannensu na kwafe shi ya fi sau ashirin, har hannuna ya kama irin kwanciyar naki.

Pauline ta zo ran Asabar da takardu da ta sa aka buga mata daga shafin intanet na kamfaninku. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Glenda, kin san ofis nawa Pellam da Rooke suke da shi? Talatin da ɗaya, a ƙasa ashirin da biyu. Lauya dubu uku. Shekara biyar a jere su ne na ɗaya."

Na ce, "Na ɗaya a me?"

Ta ce, "Ke dai na ɗaya. Kuma Roslyn ɗinmu an ɗaga ta, ta shiga cikin masu kamfanin."

Roslyn ɗinmu. Haka take faɗa wa kowa a kanti, kamar ita ta yi naƙudarki. Ni da na haife ki a bakinta na ji. Ta ce kawo in karanta miki, na ce bar shi, in na tuna inda na ajiye tabarau zan duba. Da ta tafi na zauna da kaina. Kwana uku na yi a kai.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma akwai wurin da suka tambaye ki wanda ba za ki iya aiki ba sai da shi, kika ce Yvonne Cattermole, wai shekara goma sha ɗaya ita ke riƙe da rayuwarki. Ita ce mai farin gashin da ke tsaye a bayanki a hoto, ta ɗora hannu a kujerarki? Wace ce ita? Na duba layi layi ban ga Grimsby ba, balle ni.

Ga abin da nake so. Ran Talata 17 ga Yuni za a rufe ajinmu, kowa zai tashi ya karanta wasiƙar da wani nasa ya rubuto masa. Ba kati ba, wasiƙa. Ki rubuto mini kafin ranar. Na aiko ta ofishinku don ba ni da adireshin sabon gidanki.

Mahaifiyarki,
Glenda


Landan, 9 ga Mayu

Zuwa ga Uwargida Haxby,

Ni ce Yvonne, sakatariyar Roslyn. Dokar kamfaninmu ce duk takardar da ta shigo sai an buɗe ta an ɗauki hotonta kafin ta isa ga mai ita, don kada wata magana ta kotu ta kwana a cikin ambulan. Shi ya sa wasiƙarki ta zo hannuna a buɗe. Ki gafarce ni.

Roslyn tana Frankfurt kan wani babban ciniki, sai ƙarshen wata za ta dawo. Na tura mata hoton wasiƙar. Ban so ki yi ta jira babu labari, kuma na ga bai dace in buga miki amsa da inji ba bayan wahalar da kika sha kika rubuta taki da hannu. Ina taya ki murna ƙwarai.

Taki,
Yvonne Cattermole


Grimsby, 13 ga Mayu

Roslyn,

Muna lafiya. Gwiwar Des tana nan yadda take.

Da ambulan ya faɗo ta ƙofa na ga rubutun bayansa, na ce kai, 'yata ta yi sauri. Har na ɗora ruwan shayi don in zauna in karanta a natse. Na buɗe na ga wani suna a ƙasa.

Na ɗauko gwangwanin. Na jera katunan nan goma sha ɗaya a kan teburin kicin, na ajiye takardarta a tsakiya. Hannu ɗaya ne, Roslyn. Ba sai mai digiri ba. Ni da na yi wata goma sha huɗu ina bin wannan rubutu da fensir, na san shi fiye da yadda na san fuskata. Har sunanki da ke ƙasan katunan ita ta rubuta.

Des ya shigo ya same ni a haka. Ya duba, ya sosa kai, ya ce, "To Glenda, ai manya haka suke. Ko shugaban kamfanin kifinku ba shi ke rubuta takardunsa ba."

Na ce, "Shugaban kamfanin kifi ni na haife shi?"

Ya ce, "Furannin da ke zuwa tare da katunan dai na gaske ne, ko?"

Na ce ya tashi ya koma wurin tantabarunsa, su dai suna dawowa gida da ƙafarsu.

Pauline ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Shekara goma tana karanta mini su tana share hawaye, tana cewa yarinyar nan ta iya magana kamar ubanta.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Dubi takardar nan da ke hannunki. Na zauna in rubuta miki fushina, sai ga shi yana fitowa da rubutun matar. Na yi ƙoƙarin in karkatar da shi, ya ƙi. Ba ni da wani. A shekara sittin da huɗu na samu hannu guda ɗaya tak, ashe na aro ne.

Ta san lokacin da kike cin abinci. Ta san likitan haƙorinki, na tabbata. Ta san ranar da za ki dawo daga Frankfurt, ni ban ma san kin tafi ba. Ta san adireshin gidanki. Ni me na sani? Ofis talatin da ɗaya.

Ke kuma mai buɗe wasiƙun mutane, na san ke za ki fara karanta wannan. Sannu da aiki. Ba ki yi mini rashin kunya ba, takardarki da ladabi, shi ya sa ma na fi jin haushi. 'Ya'ya nawa gare ki? In kina da su, je ki riƙe rayuwarsu. Ki ɗauki hoton wannan da kyau ki tura mata, kada ki rage ko layi ɗaya.

Roslyn, an ce a wurinku ana yanka yini gutsi-gutsi, minti shida-shida, kowane gutsure sai an rubuta wa aka ba. Pauline ce ta faɗa mini tana alfahari. To ki ba ni guda uku. Ranar tana nan, 17 ga Yuni.

Mahaifiyarki


Pellam da Rooke, Landan, 23 ga Mayu

Mama,

Na ga wasiƙunki biyu. Ina alfahari da ke fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na yi baƙin cikin yadda kika ji labarin ƙarin girmana. Na so in faɗa miki da kaina idan na dawo.

Game da katunan, ina so ki fahimci yadda aikin nan yake. Kamfani irin namu sunansa shi ne jarinsa. Wanda ya kawo mana aikinsa yana so a amsa masa cikin awa ɗaya, ko yana Tokyo ko yana New York. Kowane lauya a nan yana da wanda ke kula masa da sauran al'amura, ba ni kaɗai ba. Yvonne ba ta yi wani abu a ɓoye ba, kuma ba ta cancanci maganganun da kika yi mata ba.

Ran 28 ga Yuni kamfani zai yi liyafa don sababbin da aka ɗaga. Kowa yana da kujerar baƙo ɗaya, tawa taki ce. Ga tikitin jirgin ƙasa a ciki. Mota za ta ɗauke ki a tasha. Idan kin zo za mu yi magana sosai.

Taki,
Roslyn

Ta faɗa ta waya daga Frankfurt, aka buga. An sa hannu a madadinta: Y. Cattermole


Grimsby, 27 ga Mayu

Roslyn,

Kowa lafiya. Ga tikitinki na mayar.

Na kai wa Bridie takardarki don akwai kalmomin da suka fi ƙarfina. Ta karanta ta ce, "Takardar tana da kyau, mai kauri ce." Yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Ni ba wanda ya kawo muku aiki ba ce da za ki yi mini bayani. Kuma kin sa matar ta buga da hannunta cewa ba ta cancanci maganata ba, ta kuma sa hannu a ƙasa. Ko kunya ba ku ji ba ku biyun?

Kin tuna kina 'yar shekara bakwai? Duk takardar da ta shigo gidan nan ke ce kike hawa kujera ki karanta mini, ta asibiti, ta makaranta, har wadda ta zo bayan jirgin kamun kifin babanki bai dawo ba. Kina bin layi da yatsa, in kin kai kalma mai wuya ki ɗago ki dube ni kamar ni zan taimake ki. Kullum ina jin nauyin abin da na ɗora miki. Na shiga ajin nan ne don wata rana ki rubuto mini abu ya zo daga hannunki zuwa idona, babu Pauline a tsakani, babu kowa. Sai na tarar da wata zaune a tsakanin tun tuni.

Tambaya ɗaya zan yi, ki amsa ba irin ta lauya ba. Na yarda hannun nata ne. Maganar fa? Katin da ya zo ranar da na cika sittin ya ce, duk hawan da na yi a kan kafaɗarki na taka. Shi ne layin farko da na iya karantawa ni kaɗai ba tare da Bridie ba. A bas nake, na wuce tashata. Ke kika faɗa ko ita?

A ajinmu kowa wasiƙarsa ta iso. Ted, wanda ya yi shekara arba'in yana tuƙa babbar mota bai iya karanta allon hanya ba, ɗansa ya rubuto masa daga kurkuku, shafi huɗu. Kullum yana fito da ita daga aljihu yana nuna mana. Yau ya ce, "Glenda, ina ta lauyar taki? Ko sai an kai ta ƙara?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban taɓa zaton zan yi kishin uban ɗan fursuna ba.

In taki ba ta zo ba kafin Juma'a 13 ga Yuni, zan tashi ran Talata in karanta ta Yvonne. Gajeriya ce, amma ni aka rubuta wa, kuma mai ita ce ta rubuta.

Mahaifiyarki


Landan, Lahadi 8 ga Yuni

Mama,

Wannan ni ce. Ina zaune a kicin ɗina, da biron da na samu a aljihun jaka. Ki yi haƙuri da rubutun. Tun ina jami'a ya lalace, yanzu ko Yvonne ba ta iya karanta shi, in na bar mata saƙo a takarda sai ta kawo mini in fassara. Wannan shi ne karo na uku da na fara.

Kin ce ba irin ta lauya ba. To. Katuna huɗu na farko ni na faɗa ita ta rubuta. Na gaya wa kaina cewa ai Gwaggo Pauline ce za ta karanta, gara rubutun da za ta iya gani. A shekara ta biyar ina cikin wata shari'a, Yvonne ta leƙo ta ce gobe ranar haihuwar mamanki, na ce ki rubuta abu mai daɗi. Daga nan ta daina tambaya. Sai dai ta ce ta aika, in ce na gode.

Na sittin ba ni na faɗa ba. Ban taɓa ganinsa ba sai a wasiƙarki. Gaskiya ne abin da ya ce, amma ba nawa ba ne, kuma ba zan karɓe shi yanzu in ce nawa ba.

Na tambaye ta ina ta samo shi. Ta ce uwarta ta rasu tana da shekara ashirin, abin da ba ta samu ta faɗa mata ba ne take rubuta miki. Ba ta da 'ya'ya. Ta roƙe ni kada in gaya miki, ga shi na gaya miki.

Ga nawa, ba shi da kyau kamar nata. Ina tuna hannunki a ƙofar makaranta, ja, yana warin kifi duk sabulun da kika sa. Malama ta miƙo miki takarda kika ce kin manta tabarau, ke da ba ki taɓa mallakar tabarau ba. Na karɓa na karanta da ƙarfi ina yi kamar wasa nake, don kada ta gane. Kin ce kina jin nauyin abin da kika ɗora mini. Mama, har yau aikin da nake yi ke nan. Mutum ya zo a tsorace da takardar da ta fi ƙarfinsa, in hau kujera in karanta masa. A teburinki na koya. Da suka tambaye ni don shafin kamfani na so in faɗi haka, sai na tuna duk Grimsby za su gani, ke kuma shekara hamsin kina ɓoye abin. Ban san kin daina ɓoyewa ba. Wannan ba uzuri ba ne ga katunan. Ga katunan ba ni da uzuri.

Da wasiƙarki ta farko ta iso wayata ina cikin taro da mutum goma sha biyu. Na ga rubutun Yvonne da sunanki a ƙasa, na gane abin da ya faru tun kafin ke ki gane. Na fita na tsaya a bayan gida. Tsoro ne ya sa na aiko miki waccan takarda mai kauri.

Adireshin gidana yana bayan ambulan. Ba mai buɗe wasiƙa a nan sai ni.

'Yarki,
Roslyn


Grimsby, 18 ga Yuni

'Yata Roslyn,

Muna lafiya. An sa wa Des ranar aikin gwiwa, watan Satumba. Pauline ta yi mura, muryarta ta dishe, unguwa ta huta.

Wasiƙarki ta zo ran Larabar da ta wuce. Na buɗe na ce wayyo, kaza ce ta bi ta kan takardar? Wannan ne rubutun da kamfani na ɗaya a duniya ya ɗaga? Kwana huɗu na yi a kanta. Ranar farko sunana kawai na gane. Amma kina yin wasu haruffan yadda kike yi tun kina firamare, kina danna biro har ya fito ta baya. Da na kama wannan sai sauran suka biyo.

Na yi kuka a kan na sittin, ba zan ɓoye miki ba. Na cire shi daga gwangwanin na jefa a kwandon shara. Da zan zuba ganyen shayi na ɗauke shi na goge.

Jiya aka yi taron. An kawo kek, kowa da iyalinsa, Des ya zo ɗaure da taye a wuya. Ted ya karanta tasa, muka tafa. Da aka zo kaina na karanta daga wurin ƙofar makaranta zuwa wurin teburi, sauran ba nasu ba ne. Na kai tsakiya na tsaya ina goge ido, ba don kalma ta gagare ni ba. Bridie ta ɗauka na maƙale, ta zo da sauri ta leƙa ta kafaɗata don ta taya ni. Ta duba, ta matso da takardar, ta nisanta ta, ta ce, "Glenda, wannan da wane harshe aka rubuta?"

Ted ya ce, "Kawo in gani." Ya gani ya ce, "Wallahi gara na ɗana."

Na ce, "Ku ba ni abina. Ba a rubuto muku ba."

Na karanta har ƙarshe. Malamar da ta koya mini ba ta iya ba. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana riƙe da rayuwarki, kin ce ba ta iyawa. Ni na iya. Ki gaya mata. A'a, bari, ni zan gaya mata.

Ki aiko da tikitin nan. Zan zo ran 28, amma ba na son mota, ke za ki tsaya a tasha. Ki sa a ajiye ni kusa da ita a wurin cin abincin, ina so in ga irin matar da nake rubutu da hannunta. Ban ce na daina jin haushinta ba. Katuna bakwai nata ne, zan zo da su a jaka, amma ban yanke ko zan ba ta ko nuna mata kawai zan yi ba. Hannun kam ba zan mayar ba, na sha wuya a kansa. Za ki yi ta ganin rubutunta a ƙofarki har in mutu, wannan ke kika jawo.

Ranar haihuwata 9 ga Yuli, na faɗa miki don kada sai an leƙo an tuna miki. Katin ya iso kafin ranar. In na ga rubutun bayan ambulan ɗin mai kyau ne, ko buɗewa ba zan yi ba.

Mahaifiyarki,
Glenda